Malam Datti da Hasken Ruwan Ɗorawa

A Dilimi aka haifi Datti, a wani gida da ke bayan layin masu sayar da kayan gyaran mota. Kakansa ya zo Jos daga wajen Kazaure zamanin haƙar kuza, ya yi leburanci har ƙirjinsa ya gaza, bai sake komawa gida ba. Mahaifinsa kuwa gyaran agogo ya yi a wani ɗan tebur mai gilashi a bakin titi, kuma a wurinsa Datti ya gaji hannun da ba ya rawa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake iya ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba ya zaunar da ita a raminta, yana hira.

Ya karanci lantarki a makarantar koyon sana'a. A shekarar 1990 ya sami aiki a Cibiyar Nazarin Haske da Ma'adinai, wani dogon gini mai rufin kwano a lungun da ya ratse daga Titin Bauchi. Ma'aikacin ɗakin gwaji aka ɗauke shi. Shekara ashirin da biyun farko sun wuce yana goge na'urorin da ba a kunnawa, yana gyara fankar ofisoshi, yana canja ƙwan fitila. Shugabanni suka zo suka tafi, kowa da jawabinsa na ranar kama aiki. A tsakanin nan ya auri Talatu, malamar firamare, suka haifi 'ya'ya uku, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya riga ya saki jiki cewa haka zai ƙare.

Sai Dakta Firisila Bot ta dawo daga Turai a 2012. 'Yar Birom ce, gajeruwa, mai saurin tafiya, ta yi shekara tara a waje tana karatun haske. Ta zo da akwatunan katako huɗu, tsofaffin kayan da ɗakin gwajin da ta yi karatu ya daina amfani da su, malaminta ya ce ta tafi da su gida. Aka ba ta ɗaki na ƙarshe a ginin, aka ce Datti ya taimaka mata ta sauke kaya.

Da suka buɗe akwatin farko ta dube shi ta ce, "Malam Datti, ka san leza?"

"Na san wadda ake haska 'yan ƙwallo da ita a ido."

Ta yi dariya. Hausarta irin ta Jos ce, ba ta cika damuwa da mace ko namiji a magana ba, tana kuma tsoma Turanci inda ta ga dama. Ta ce waccan ta 'yan kallo zuba haske take yi kamar famfo, ba yankewa. Wannan kuwa tara hasken take yi ta riƙa sakinsa bugu-bugu, kowane bugu gajere ƙwarai.

"Gajere kamar yaya, Dakta?"

"Ka raba daƙiƙa ɗaya gida miliyan. Ka ɗauki gida ɗaya ka sake raba shi miliyan. Kamar goma daga cikin waɗannan."

Datti ɗan mai agogo ne, ya san daƙiƙa, ya san rabinta, bai taɓa tunanin akwai wani abu a ƙasa da haka da mutum zai ce zai auna ba. Ta ce masa haske da duk saurinsa, a cikin wannan ɗan lokacin bai wuce tsawon ƙwayar dawa yake tafiya ba. Amfanin abin shi ne, idan aka matse ƙarfi a ɗan lokaci haka, yakan yi tsanani har ya yanka abu ya gama kafin zafi ya bazu. Kuma idan aka tura irin wannan bugu cikin zaren gilashi mai tsawo, gilashin yakan karɓe ɗan ƙarfinsa, sai launinsa ya sauya, kore ya koma ruwan ɗorawa. Wani masani ɗan Indiya mai suna Raman ne ya fara gano haka, shi ya sa ake kiran abin da sunansa. Wannan hasken ruwan ɗorawa shi take nema. Likitocin ido suna buƙatarsa, masu binciken ma'adinai ma haka, kuma tana so ta nuna ana iya samar da shi a nan, da hannun mutanen nan.

"Shekara biyu," in ji ta. "In ta yi yawa uku."

Kayan kashi huɗu ne, kuma Datti ya haddace su kamar sunayen 'ya'yansa. Na farko naɗin zaren gilashi ne a cikin ƙaramin akwati, shi ke haifar da bugun, amma marar ƙarfi, kuma ido ba ya ganinsa. Na biyu wata sanda ce ta kiristal, wani dutse mai sheƙi kamar ƙanƙara, tsawonta kamar ɗan yatsa, ita ke ƙara wa bugun ƙarfi, tana kuma zafi sai ana zagaya mata ruwan sanyi. Na uku wani ɗan kiristal ne daban da ke mayar da hasken da ba a gani ya zama kore. Na huɗu shi ne dogon zaren da za a tura koren a ciki. Tsakanin waɗannan akwai ƙananan madubai goma sha huɗu, kowanne da maɓallan juyawa guda biyu, kuma in ɗaya ya karkace ko da kaurin gashi ne, komai ya tashi a banza.

Shekara biyun nan ta farko, kashi na ɗaya ma bai yi ba. Akwai wani allo da ke zana bugun. In ya daidaita, sai a ga layuka a jere tsaf kamar haƙoran mataji, su ce ta kulle. In bai daidaita ba, sai a ga tarkace kamar ciyawa. Duk lokacin da suka kusa, sai tirela ta wuce a Titin Bauchi, ƙasa ta ɗan girgiza, matajin ya watse. Datti ya je layin masu babura a Dilimi ya sayo tib shida na cikin taya, ya hura su rabi-rabi, suka ɗora saman teburin a kai. Girgizar ta ragu. Sai injin sanyaya ruwa ya mutu, ba a kuma samun irinsa a ƙasar. Ya haɗa wani da injin tsohon firiji da famfon na'urar wanki. Sai maganar wuta, wadda ake ɗaukewa sau biyar kafin azahar, kowace ɗaukewa kuma na iya ƙona wani abu. Suka tara baturan mota, ya haɗa su da kansa.

Bayan duk wannan sai suka gano wata matsalar da ba ta da magani. Safiyar Jos akwai sanyi, in rana ta take kuma kwanon rufi ya ɗau zafi, ƙarafan da ke riƙe da madubai su ɗan saki. Abin da aka daidaita da hantsi, da azahar ya goce. Na'urar sanyaya ɗaki ta fi ƙarfin baturansu. Saboda haka aikinsu ya koma tsakanin ƙarfe tara da sha ɗaya na safe. Sauran yinin sai su zauna, ita tana lissafi, shi yana goge madubi da auduga.

Lezar ta fara kullewa sosai a 2016. Sandar ƙara ƙarfi ta ɗauke su wasu shekara biyu. Ko wane ɗan abu ya lalace sai an rubuta wasiƙa, a jira sa hannu, a jira jirgi, a jira masu duba kaya, wani lokacin abin ya iso a fashe. Yajin aiki ya rufe ginin wata bakwai. Dakta Firisila ta daina cewa shekara biyu. Saurin tafiyarta ma ya ragu.

A daminar 2021 garin ya rikice, aka sa dokar hana fita. Datti yana Dilimi, Dakta tana gidanta can gaba da Tina Junction. Ko bayan an sassauta dokar, kowa a Jos ya san titin da zai bi da wanda ba zai bi ba, cibiyar kuma a rufe take. Kullum da hantsi sai ta kira shi.

"Malam Datti, kuna lafiya? Yaya su Talatu?"

"Lafiya lau, Dakta. Ya wajenku?"

"Muna nan a gida."

Su biyun abu ɗaya suke tunani. Ɗan kiristal ɗin da ke ba da kore ba ya son laima. A cikin wani akwati mai ɗumi ake ajiye shi, akwatin kuma da wuta yake aiki, baturan kuma ba za su wuce kwana huɗu ba. Ruwan Agusta yana ta zuba.

Sun koma bayan mako uku. Datti ne ya buɗe akwatin. Kiristal ɗin da ke garau kamar ruwan rijiya ya yi fari-fari, kamar idon tsoho mai yana. Ya miƙa mata. Ta ɗaga shi wajen taga ta duba, ta ajiye a hankali, sannan ta zauna a ƙasa kan siminti ta jingina da ƙafar tebur. Ba ta yi kuka ba. Datti ya ɗauki tsintsiya ya share ɗakin. Sai bayan wata goma sha huɗu wani kiristal ɗin ya iso, tsohon malaminta ne ya aiko ta hannun wani fasto da ke dawowa gida.

Abin da ya sami idonsa ya faru ne wata uku da isowar sabon kiristal ɗin, wata ranar Laraba da misalin ƙarfe goma na safe. Suna da tabarau na kariya masu duhu, dokar ɗakin kuma ita ce ba a cire su in leza na kunne. Shekara goma Datti bai taɓa karya wannan doka ba. Ranar yana daidaita madubi na tara, akwai wani ɗan zane da ya yi da allura a jikin maɓallin, duhun tabarau ya hana shi gani. Lokaci na tafiya, ɗakin ya fara ɗumi. Ya ɗaga tabarau zuwa goshi da hannun hagu, sukudireba na hannun dama. Bakin ƙarfen ya ratsa ta hanyar hasken da ba a gani.

Bai ji zafi ba. Ya dai ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar a cikin kansa. Ya mayar da tabarau, ya kashe makunni, ya ce, "Dakta, ina jin na yi ɓarna."

Ta juyo tana duban madubai.

"Ba a tebur ba," in ji shi.

Ita ta tuƙa shi asibiti a motarta. Likitan ya ɗiga masa magani, ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce hasken ya ƙona tsakiyar wurin gani a idon dama. Gefe-gefe zai ci gaba da gani, amma abin da ya zuba wa ido kai tsaye ba zai gan shi ba, kuma ba ya dawowa. Da Datti ya rufe idon hagu ya dubi likitan, sai ya ga riga, ya ga kunnuwa, fuskar kuma babu, sai wani toka-toka.

Talatu ba mai yawan magana ba ce. Ta bari sai da ya kwana biyu a gida, ya ci abincin rana, sannan ta zauna a bakin tabarma.

"Baban Salma, shekara nawa ke nan kana yi wa fitilar nan bauta?"

"Goma, ta shiga sha ɗaya."

"Ta haska wa wani wani abu?"

"Tukuna."

"To ta ci ido ɗaya. Ka bar mata haka. Ka nemi a mayar da kai gyaran fanka, ba wanda fanka ta makantar."

Ya ce saura shekara biyu da 'yan watanni ya yi ritaya. Ta ce ai ɗayan idon ma daƙiƙa ɗaya ta ishe shi. Ya san gaskiya ta faɗa. Ya ɗauki buta zai zuba shayi, ya zuba a gefen kofi. Talatu ta karɓi butar ta zuba masa.

Dakta Firisila ta zo gaishe shi har Dilimi, ta kawo dankalin Turawa da kabeji daga gonar 'yar'uwarta. Ta durƙusa ta gaida Talatu, ta kira ta Mama, duk da tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce shekara biyar ba. Sannan ta ce ta yanke shawarar rufe ɗakin.

"Ni na kawo wannan abu," in ji ta. "Da ban kawo ba, da idonka yana nan."

"Ni na ɗaga tabarau, Dakta, ba ke ba."

"Duk da haka."

"In kin rufe, idon zai dawo?"

Ta sunkuyar da kai. Ba don ƙwazo Datti ya faɗi haka ba. Ya dai duba ne ya ga cewa in aka tsaya a nan, shekara goma da ido guda sun tafi ke nan a kan ba komai, kuma wannan ya fi masa nauyi a kan ci gaba. Ya koma aiki bayan mako shida. Talatu ta yi masa sallama a ƙofa kamar kullum, ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta daina tambayarsa ya aiki.

Sai shi da Dakta suka sauya yadda suke yi. Da, shi ke gani shi ke juyawa. Yanzu nisa da kusa sun rikice masa, sai ya kai hannu ya wuce maɓalli. Don haka ita ke tsayawa a gaban allo tana faɗa, shi kuma ya runtse ido ya juya da yatsu. "Kaɗan. Ƙara. Ya yi yawa, koma." Aiki mafi wuya shi ne shigar da koren haske cikin dogon zaren, wanda ramin cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashi ba. In hasken ya yi rauni, launi ba ya sauyawa. In ya yi ƙarfi, bakin zaren ya ƙone, sai a yanke a sake. Sun fara da zare mai tsawon mita ɗari. Suna yanka suna yanka har ya koma tamanin da 'yan kai.

Wata Talata ce a watan Maris na 2024. Lezar ta kulle tun tara da kwata, babu tirela, ruwan sanyi na zagayawa. A ƙarshen zaren sun sa wani gilashi mai kusurwa uku da ke rarraba launuka, yana jefa su a bayan wata tsohuwar kalanda da Datti ya manna a bango. Wata da watanni ɗigon kore kaɗai suke gani a wurin, ta hoton ƙaramar kyamarar da suka kafa tun bayan haɗarin.

"Ƙara ƙarfi kaɗan," in ji Dakta.

Ya ƙara.

"Tsaya. Kar ka taɓa komai."

Muryarta ce ta sa ya buɗe ido. A allon kyamarar, kusa da koren, wani ɗigo ya fito mai kama da ɗanyen lemo. Kusa da shi wani, ruwan ɗorawa sosai. Can gefe wani dishi-dishi, ruwan goro. Dakta tana ta rubuta lambobi, tana cewa na gode Yesu a hankali. Datti ya ce alhamdu lillahi. Ya duba da idon hagu ya ga abin da kyau. Ya rufe shi ya duba da na dama, bai ga komai ba sai gefen allon.

Ya daɗe yana zaton ranar nan zai ji wani abu ya tashi a ƙirjinsa. Abin da ya ji gajiya ce kawai. Ya jawo kujera ya zauna, barci yake ji, da hantsi. Minti goma sha ɗaya hasken ya yi, sannan bakin zaren ya ƙone.

Sun sake samunsa sau biyar kafin damina, mafi daɗewa minti arba'in. Dakta ta rubuta sakamakon, wata mujallar kimiyya ta buga. Ta sa sunansa na biyu bayan nata. Shugaban cibiyar na lokacin ya kira ta ya ce ba a saba sa ma'aikacin ɗakin gwaji a jerin marubuta ba, ana dai gode masa a ƙasa. Ta ce to a fara sabawa. Ta buga wa Datti kwafi ɗaya, ya kai gida, Salma babbar 'yarsa ta karanta sunan da ƙarfi, ta tambaye shi me takardar ke cewa. Ya yi ƙoƙarin bayani, ya ga ta fara duba wayarta, ya bari.

Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga Abuja su gani. Dakta ta roƙa a kawo su da safe. Aka ce to. Suka iso ƙarfe biyu da rabi, bayan sun ci abinci, kwano ya yi zafi kamar tanda. Datti ya yi ta juyawa, gumi na zuba cikin tabarau, allon ba ya nuna komai sai ciyawa. Baƙin suka tsaya minti goma. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya ga tib ɗin babur a ƙarƙashin tebur, ya nuna wa na kusa da shi, suka yi murmushi.

"Oga, da safe take yi," in ji Datti.

"Ba komai, ba komai. Kun yi ƙoƙari," in ji babbansu, yana duba agogo.

Aka ɗauki hoto a bakin ƙofa. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

A ƙarshen wannan shekarar Dakta ta gaya masa za ta tafi. Suna zaune a ɗakin da rana, ta sayo gasasshiyar masara ta raba musu. Ta ce an ba ta aiki a wata jami'a a Afirka ta Kudu, inda wuta ba za ta hana ta aiki ba, inda abin da ya ɗauke su shekara goma sha biyu ɗalibi zai yi shi a zango ɗaya.

"Na gaji, Malam Datti. Shekarata hamsin da ɗaya. Ba ni da wata sha biyun."

"Gaskiya ne."

"Ba za ka ce in zauna ba?"

"In na ce ki zauna, me zan ba ki?"

Ta yi ɗan murmushi, ta ci gaba da ɓare masarar da yatsa ba ta ci. Ta ce ta san ta bar shi da asara. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, kuma shi bai taɓa aiki da wanda ya tambaye shi ra'ayinsa ba sai ita. Ranar da za ta tafi ta biyo ta Dilimi ta yi sallama da Talatu, Talatu ta ba ta yaji da kuka a leda.

Watanni kaɗan bayan haka takardar ritayarsa ta fito, shekara talatin da biyar cif. A makon ne kuma aka sanar cewa za a mayar da ɗakin na ƙarshe wurin rubuta jarrabawa da kwamfuta. Aka ce leburori za su kwashe kayan. Datti ya ce a bar masa. Kwana tara ya yi yana kwancewa. Kowane madubi ya naɗe shi a auduga ya rubuta lambarsa. Ɗan kiristal ɗin ya sa shi a kwalba da garin da ke shanye laima, ya toshe bakin da kakin zuma. Ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ya cika shi da bayanin yadda ake haɗawa, da abubuwan da ba su cikin takardar mujalla: cewa madubi na tara yana gocewa hagu in an yi ruwa, cewa a hura tib duk ranar Litinin, cewa kada a cire tabarau ko da za a rasa aikin yini. Aka kai akwatunan sito, kusa da karyayyun kujeru. Littafin kuwa ya tafi da shi gida.

Yanzu yana zama a shagon wani ƙanensa a Dilimi, yana duba wa mutane batura da na'urorin wutar sola. Aikin ƙananan abubuwa ya bar shi. In rana ta yi yakan koma gida ya kwanta, abin da bai taɓa yi ba a da.

Kwanakin baya wata matashiyar malama mai suna Ulonma ta zo nemansa har shago. Sabuwar ɗauka ce a cibiyar, ta karanta takardar, ta ga akwatunan a sito, ta nemi izini an ba ta wani ɗan ɗaki. Ta gaishe shi da ladabi, Hausarta na tuntuɓe, ta ce tana so ya zo ya taya ta haɗawa, ko da kwana biyu ne a mako.

Datti ya daɗe yana kallonta da idonsa na hagu. Ya tambaye ta ko ɗakin yana da silin, ta ce babu. Ya tambaye ta ko tana da tabarau, ta ce guda ɗaya. Ya ce ta jira, ya je gida ya ɗauko littafin ya miƙa mata.

"Duk abin da na sani yana ciki, 'yata. Amma ni ƙafata ba za ta sake hawa can ba."

"Ko sau ɗaya, Baba?"

"Ko sau ɗaya. In kin maƙale ki kira ni. Kuma kada ki kunna komai sai kin sami tabarau na biyu, ki sami mutum na biyu a ɗakin."

Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta tari keke napep ta tafi. Takan kira shi jefi-jefi, yawanci da hantsi. Har yanzu tana kan akwati na farko. In ta kira yakan saurara, ya ce ta koma baya kaɗan, ko ta jira motar ta wuce. Wani lokacin kuma wayar na ƙara yana kallonta a kan benci har ta katse, sai can da la'asar ya kira ya ce ta yi haƙuri, yana hutawa ne.